Muhawara: a matafiyan Damagaram, wa ya fi kowa yin sama?

Ɗan Birni: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Duk majalisar da aka taɓo zancen tafiya, sai ka ji ana kambama Jabalun Nur kamar ba wani dutse da Badamagare ya taɓa takawa sai shi. Darajarsa ba a ja da ita, can ne Kogon Hira. Amma in tsayi ake magana, mita 640 ne da 'yan kai daga saman teku, mu kuwa garin nan da muke zaune yana kan kusan mita 460. Jabalur Rahma na Arfa ma kusan daidai yake da tsakar gidanka a Birni. Ga Bagazam a Abzin, ƙololuwarsa Idukal-n-Tagas mita 2,022, mafi tsayi a duk Nijar, ba mai zancensa. Maganata ɗaya ce: a matafiyan garin nan, wanda ya hau Bagazam ya fi kowa yin sama.

Direban Tamanrasat: Ƙanena, ka yi saurin yanke hukunci. Garin Tamanrasat kansa, a kudancin Aljeriya, yana wajen mita 1,400. Daga can zuwa dutsen Asekrem kilomita kusan 80 ne, hanyar duwatsu, kuma katkat, mota mai ja da ƙafa huɗu, na kai mutum sama da mita 2,500. Direbobin da suka hau Asekrem sun bar Bagazam a ƙasa.

Madugu: Alhaji, mota ce ta hau, direba yana zaune a kan kujera. Ba a ce wa wanda aka ɗauka ya hau.

Direban Tamanrasat: To wa ya kai motar, Baba?

Mushe: Baba Madugu, da girmanka, Hausa ba ta goyi bayanka ba. Ana hawan doki, ana hawan raƙumi, ana hawan mota, ana hawan gadon sarauta. Duk cikinsu ba inda ƙafa ta yi aikin. Da Ɗan Birni ƙafa yake nufi, sai ya ce "taka".

Madugu: Mushe, wannan Hausar lakwal ce. Wanda ya hau doki, dokin ya hau. Wanda ya hau mota, motar ya hau. Dutsen fa? Ka je Tabelot, garin da ke kusa da gindin Bagazam, ka ce wa Buzu ka hau dutse a cikin katkat, ka ji amsar da zai ba ka.

Hajiyar Zango: In dai zama a kujera hawa ne, to duk alhajin da ya shiga jirgi ya fi ku gaba ɗaya. Jirgi yana tafiya tsakanin mita 10,000 da 12,000.

Mushe: Hajiya, jirgi ba ya cikin lissafi. Ana matse iska a cikinsa, jikin fasinja yana jin kamar yana tsakanin mita 1,800 da 2,400 ne kawai. Dole ƙasa ta kasance a ƙarƙashin mutum.

Hajiyar Zango: Na yarda. To mai zuwa Umra da ya sauka canjin jirgi a Adis Ababa fa? Filin jirgin yana sama da mita 2,300, ƙafarsa a ƙasa, yana jan jakarsa. Wanda ya kai ziyara Ɗa'ifa ma ya kusa 1,900. Shi ma ya hau?

Madugu: Ya sauka dai, Hajiya. Ke da bakinki kika ce ya sauka. Bari in faɗa muku abin da ake kira hawa. Daga Agadas mota za ta kai ka gindin dutsen ta wajen Tabelot. Daga nan ƙafa ce da jaki, da jagora ɗan ƙasar, da sanin hukuma. Ana tashi da an sallame asuba, don in rana ta ɗaga dutsen kansa zafi yake fitarwa. Mai lafiya da kaya marar nauyi yana cin mita 300 na tsayi a awa guda, wanda ya yi gaggawa a awar farko shi ake jira a ta uku. Ruwa lita 4 zuwa 5 kowane mutum a yini, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ba a jira ƙishirwa. Takalmi mai kama idon sawu, mai kaushin ƙasa, don tsakuwar da ke kan falalen dutse tana gangarawa da mai silifa kamar an zuba gero a siminti. Kayan jaki a daidaita mangala, in ɓangare guda ya rinjaya, a kwanar farko mai tsayi zai juye. A sama ba tsini za ka tarar ba, fili ne mai ƙauyuka da garake, daga nan ake sake kama hanyar ƙololuwa. Kowane mita 1,000 sanyi yana ƙaruwa da digiri 6 da rabi, ke nan tsakanin garin nan da kan Bagazam kusan digiri 10. Da hunturu bargo ɗaya ba ya isa. Saukowa kuma ita ce mai cin gwiwa da farcen babban yatsa, shi ya sa ake yanke farce kafin tafiya.

Direban Tamanrasat: Kana magana kamar tuƙin dutse barci ne. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 1,000, don iskar da yake shaƙa ta yi ƙaranci. Mai gazuwal sai ya fara baƙin hayaƙi. Ruwa yana saurin tafasa a sama, a mita 2,000 digiri 93 ya ishe shi, saboda haka in murfin lagireto ya saki, motar za ta tafasa a tsakiyar hawa. Ana sa babbar giya tun a gindi, ba a canja ta a tsakiyar tudu da kaya. A gangara, giyar da ka hau da ita da ita za ka sauko. Wanda ya ɗora ƙafa a birki ya bar ta, man birkin zai yi zafi, feda ta nutse har ƙasa ba ta kama komai ba. Taya biyu na ajiya, don dutsen can gefen taya yake yankawa, ba a yi masa faci. Duk wannan ba hawa ba ne?

Ɗan Tanut: Ku tsaya tukuna. Wa ya ce Bagazam ne mafi tsayi? A lakwal dutsen Gerebun na arewacin Abzin aka koya mana, mita 2,310.

Mai Awon Fili: Yaya, tsohon lissafi ne. Da aka sake awo Gerebun ya tsaya a 1,944, Idukal-n-Tagas 2,022. Kuma ina roƙo a daina kawo hoton waya a matsayin shaida. GPS na waya kuskurensa a tsaye ya ninka na kwance sau biyu zuwa uku, a cikin kwazazzabo kuwa duwatsu suna tare taurarin ɗan'adam ya ƙara lalacewa. Agogo mai gane tsayi ta hanyar auna nauyin iska shi ma sai an saita shi kowace safiya a wurin da aka san tsayinsa. Kowane milibar ɗaya, wato ma'aunin nauyin iska, kusan mita 8 ne, kuma a ƙasashenmu nauyin iska yana hawa da sauka milibar 3 zuwa 4 a yini. Ka ajiye shi a kan tabarma, da la'asar zai ce ka motsa mita 30.

Ɗan Tanut: To littafin ne ya yi ƙarya ke nan? Ku 'yan awo kullum da sabon lissafi.

Mushe: Littafin bai yi ƙarya ba, ya tsufa ne.

Ɗan Magarya: Duk kuna ta zagaye. Ku tsallaka Najeriya: Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419. Ko 'yan kasuwar da ke zuwa Gembu a kan Mambila suna kwana a sama da 1,300.

Ɗan Tanut: Kai dama ko zancen ruwan sama ake yi sai ka ce na Kano ya fi jiƙa.

Ɗan Magarya: Shi Alhaji da ya kawo dutsen Aljeriya ba ka tanka ba. Na kudu ne kawai ke tsone maka ido.

Madugu: In ana bin maƙwabta, Emi Kusi na Chadi mita 3,415, shi ne uban duwatsun Sahara. Sai a nuna mini Badamagaren da ya taka shi.

Lokotoro: Ni a wajena hawa ko sauka ba shi ne ma'auni ba, inda mutum ya kwana shi ne. Ciwon tsayi yakan fara daga mita 2,500, awa 6 zuwa 12 bayan isa: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, ƙin abinci. Wanda mota ta kai cikin yini guda ya fi mai ƙafa haɗari, don jikinsa bai samu lokacin sabawa ba. Daga mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. In mutum ya fara tangaɗi kamar mai maye, ko numfashi ya gagare shi yana zaune, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne. Mai sikila kuwa kada ya kama hanyar sai ya ga likita.

Direban Tamanrasat: Kun ji ko? Lokotoro ya ce na mota ya fi haɗari. Magana ta ƙare.

Lokotoro: Alhaji, ba yabo na yi ba, gargaɗi ne.

Ɗan Birni: Ni Bagazam na kawo, a ba shi haƙƙinsa. Kun bar shi kuna faɗa kan kalma guda.

Hajiyar Zango: Ɗana, kai ka fara da auna Arfa da tsakar gida. Tsohuwar da ta taka matakalar Jabalun Nur da sanda har bakin kogo, ba mita ta je nema ba. Ka janye wannan.

Ɗan Birni: Hajiya, ai na ce darajarsa ba a ja da ita.

Hajiyar Zango: Ka ce, sannan ka auna.

Kamashon Tasha: Bari in tattara, dare ya yi. Mushe ya tabbatar da cewa a Hausa mai mota ya hau. Lokotoro ya shaida cewa jikin mai mota ya fi ɗaukar wahala. Asekrem ya ɗara Bagazam da mita 500 ko fiye, ba wanda ya musa. Baba Madugu ya yi bayani mai kyau kan jaki da takalmi, amma ko shi sai da mota ta kai shi Tabelot. Jirgi da Adis Ababa an cire su. Saboda haka direbobin hanyar Aljeriya su ne suka fi kowa yin sama a garin nan.

Hajiyar Zango: Wa ya cire Adis Ababa?

Madugu: Yaro, ni ban sa hannu a wannan ba. Mota ce ta hau.