Neman shawara: mun ƙara wa uwar garke ƙarfi, sai ta ƙara nauyi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da rumbun bayanan wata ƙungiyar ajiya da bashi a nan Damagaram, da manhajar adana bayanai ta PostgreSQL 13 a kan Linux. Ranar Alhamis, da kasuwar Dole ta cika, wakilanmu suka shiga turo kuɗi, sai komai ya tsaya cak. Mun sauya na'ura, daga mai kawunan masarrafi (CPU) 4 zuwa mai 16, na ɗaga max_connections, wato iyakar haɗin da rumbun zai karɓa a lokaci guda, daga 100 zuwa 600. Abin ya ƙara lalacewa, alhali masarrafin ko rabi bai cika ba. Jiya wata tsohuwa ta yi rabin awa tsaye da littafinta a hannu tana jiran rasit, abin ya tsaya min a rai. Ta ina zan fara?

Daga Birni: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ƙara sayen komai tukuna. PostgreSQL kowane haɗi ma'aikaci guda yake buɗe masa. Ɗari shida kan kawuna 16, yawancinsu barci suke suna jiran makulli ɗaya, wato izinin taɓa bayani guda. A tashe su, ɗaya ya samu, sauran su koma barci. A tashi da kwanciyar nan lokacinka ke tafiya. Ranar Alhamis, cikin cunkoson, kunna umarnin vmstat 1 ka dubi layin cs, mai ƙirga sau nawa masarrafi ke sauya ma'aikaci, sannan umarnin pidstat -w. Idan cswch ne ya yi yawa, da kansu suke kwanciya jiran wani abu. Idan nvcswch ne, kanel, wato zuciyar Linux mai raba masarrafi, ke ƙwace musu wuri. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Daga Zango: Gaskiya Malam ya faɗa, amma a fara da cikin gida. Dubi wait_event_type a pg_stat_activity, teburin PostgreSQL mai nuna abin da kowane haɗi ke jira. In ka ga LWLock ya yi yawa, makulli ne. In IO ne, faifai ne, ka bar kanel ya huta. Bayan nan umarnin perf sched zai nuna maka wa ya tashi wa, da tsawon jiran da ya yi kafin ya samu masarrafi.

Daga Birni: Haka ne. Kuma sa PgBouncer, manhajar da ke tattara haɗi, a gaban PostgreSQL, ka rage haɗin zuwa talatin ko arba'in ka gwada. PostgreSQL 14, na 2021, ya rage nauyin haɗi masu yawa, ka shirya ƙaura zuwa gare shi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri Yaya. Na duba yanzu, LWLock ne ya cika allon. Daren Laraba zan sa PgBouncer, in kawo muku alƙaluman Alhamis.