Tsakanin bindigogin .350 Legend da .450 Bushmaster, wacce zan ɗauka don farautar barewa a Ohio?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna farauta a Amurka.

A Columbus nake zaune, na gama kwas ɗin mafarauta na karɓi lasisi, kuma makon farauta da bindiga yana farawa ne ranar Litinin bayan bikin Thanksgiving na ƙarshen Nuwamba. Da bindigar .308 na yi niyyar saya, sai na tarar dokar Ohio ba ta yarda a harbi barewa da harsashi mai matsattsen wuya irin nata ba, sai mai miƙaƙƙen kwanso mai kauri daga inci .357 zuwa .50. Shi ya sa zaɓina ya tsaya kan biyun nan.

Na gwada .450 a filin koyon harbi. Ƙarfi kam akwai shi, amma yadda take dukan kafaɗa sai na ga ina runtse ido tun kafin in danna kunama, harsasan kuma suka warwatsu a kan takardar. .350 ta zauna mini lafiya lau, harsashinta ma ya fi araha. Fargabata ita ce in raunata dabba ta shige daji da jini in rasa ta. Wannan alhaki ne, ga asarar nama.

Gonar da aka ba ni izini daji ne mai duhuwa, harbin ba zai wuce yadi 120 ba. A wannan nisan .350 za ta kayar da babban namiji? Harsashi mai nauyin giren (ma'aunin nauyin harsashi) 150 zan ɗauka ko 180? Sannan tunda yarana za su ci naman, ya harsashin tagulla yake idan aka kwatanta da na dalma?

Allah ya saka da alheri.