In gari duka ya riga ya tsani mutum, wa zai yi masa shari'a?

Abu Halima, Jidda:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i ina cikin mota a Bawadi ina jiran maigida, sai ga kiran ƙanena da ke jihar Minesota ta Amurka. Wai kotu ta aiko masa takarda, za a tantance shi ko zai shiga cikin mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci. Sai da na yi dariya, don yaron nan ko faɗan 'ya'yansa bai iya rabawa. Mu nan ai ƙadi muka sani. Abin da ya tsaya min a rai: in 'yan gari ne masu hukunci, kuma sun riga sun gama da mutum a majalisa da Facebook, ina adalcin yake?

Malam Tukur, Madina:
Wa alaikumus salam. Ba haka kawai ake ɗiban su ba, Alhaji. Alƙali da lauyoyin ɓangare biyu sukan yi wa kowa tambayoyi: ka san wanda ake tuhuma? Me ka ji a labarai? Wanda zuciyarsa ta karkata sai a sallame shi. In garin ya ɗau zafi sosai, a kan ɗauke shari'ar zuwa wani wuri. Timothy McVeigh da ya tayar da bam a Oklahoma a 1995, mutum 168 suka mutu, a Denba aka yi masa shari'a. Ko a fiƙihunmu ai ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa.

Maman Zainab, Makka:
Malam, a gafarce ni, amma ɗauke shari'ar ma wuƙa ce mai baki biyu. Ni ban manta Amadu Diallo ba, ɗan Gini mai talla a titi. A 1999 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansa a unguwar Bronks ta birnin New York, alhali walat ce a hannunsa. Aka ce unguwar ta yi zafi, aka kai shari'ar Albani, duk huɗun aka wanke su. Haka shari'ar 'yan sandan da suka lakaɗa wa wani baƙar fata, Rodney King, duka, da aka yi a 1992: aka fitar da ita daga Los Anjelis zuwa Simi Valley, babu baƙar fata ko ɗaya cikin 12 ɗin. Can da aka kai, su ba su da son zuciya ne?

Malam Tukur:
Gaskiyarki Hajiya. A jihar ƙanen Alhaji ma, shari'ar da aka yi a 2021 ta ɗan sandan da ya kashe George Floyd, alƙali ƙin ɗauke ta ya yi daga Miniyapolis, don babu lungun da labarin bai kai ba.

Abu Halima:
Na gode. Zan ce masa in an tambaye shi ya faɗi abin da ke ransa, kar ya yi musu kara irin tamu. Ga maigida nan ya fito, sai anjima.