Zan fasa katanga in fitar da shago: wace takarda ake nema?

Mai Tambaya: Salamu alaikum. Gida ne a sabon tsarin Ƙofar Ƙaura, a Katsina. Ana son a fasa katangar da ke kallon titi a fitar da shagon tireda, a kuma girka injin markaɗe a zaure. Sai an nemi izini, ko tun da gidan mutum ne shi ke nan?

Safiyo: Wa alaikumus salam. Malam, fara da ɗauko takardar mallakar filin ka karanta abin da aka ba da shi dominsa. In an rubuta na zama ne, fitar da shago sauya amfani ne. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora filin birni a hannun gwamna, kuma keta sharaɗin takardar na cikin dalilan da ake iya soke ta. Ɗinki, kitso ko suyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida ba wanda zai kula ka, tunda ba a taɓa ginin ba. Da zarar an fasa katanga kuwa, sai ka kai wa Hukumar Tsara Birane ta jiha kwafin takardar fili da zanen wurin da na shagon, su zo su duba, ka biya, ka karɓi amincewa a rubuce. Kafin a sa guduma, ba bayan an sa ba.

Magini: Ba shagon ke jawo jan fentin da hukuma ke shafa wa ginin da ya saɓa ƙa'ida ba, rumfar ce. Mutum ya gama shago daidai kan iyakarsa, sai ya kafa ƙarafa biyu ya miƙo kwano har bisa lambatu, ya dafe kan lambatun da siminti. Damina ta zo ruwa ya rasa hanya, ya shiga gidan maƙwabci. Ƙofar shagon ma ta riƙa buɗewa ciki ko a naɗe ta sama. Kuma a zuba lintal, wato kankaren saman ƙofa, da rodi kafin a cire bulon da ke ƙarƙashinsa, in ba haka ba katangar tsagewa za ta yi.

Hajiya Mai Inji: Ɗana, injin ne abin dubawa. A yi masa dandamali nasa daban da roba a ƙarƙashi, kada ya jingina da bangon maƙwabci, girgiza na tsaga filasta. In na lantarki ne, ka sanar da kamfanin wutar lantarki KEDCO. Babban injin lantarki kan wayar gida ƙona ta yake yi. Ruwan wankin inji ya tafi rami, ba lungu ba, don a nan duba-gari ke kama mutane. Ka kuma sanar da mai unguwa da maƙwabtan da kuke haɗa bango, ku tsayar da lokacin kashe inji.

Safiyo: Na manta: rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, suna kawai take ba ka, ba izinin wuri ba. Kuɗin shago na shekara kuma na ƙaramar hukuma ne. In gidan haya ne, sai da yardar mai gida a rubuce.