Lambun tsakar gida a bazarar Zariya

Jiya da yamma a ƙofar gida nan Tudun Wada, hira ta gangaro kan lambun tsakar gida, tunda zafin Afrilu ya kankama, rijiyoyi sun ja baya.

An fi daɗewa a kan ban ruwa. Da sassafe ko dab da magariba ake yi, a gindin shuka, don na tsakar rana da yawansa rana ke shanyewa. Wani dattijo da ya yi aikin gona a Samaru ya ce a lulluɓe gindin da ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, ƙasa ta riƙe danshi. Wannan na taɓa gwadawa, alayyafona ya daina yaushi da azahar. Ruwan alwala ma kada a zubar, na wanki dai a nisanta shi.

Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake, a bari ya ruɓe tukuna. Ƙwari kuwa, a jiƙa dakakken ganyen darbejiya a yayyafa.

An yi musu kan tumatir. Ni ina tare da masu cewa a haƙura, furensa zubewa yake a wannan zafin, kuɓewa da yakuwa sun fi juriya. Akuyar maƙwabta kam, sai darni.