Neman shawara: 'yan matanmu na kasawa a rana ta biyu ta gasa

Assalamu alaikum, masu horarwa da iyayen yara. Ina horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 15, kuma wata matsala ta gagare ni a kakar bana.

A wasannin mako-mako yaran na taka leda yadda ya kamata. Gasar ƙarshen mako ce ke ba mu wahala, wadda ake buga wasa biyu ranar Asabar, a dawo Lahadi da safe. Tun kafin hutun rabin lokaci a wasan Lahadi sai ka ga 'yan tsakiyarmu sun dafa gwiwa suna haki, 'yar bayanmu ta daina bin abokiyar karawarta. In na sa 'yan benci ranar Asabar don manyan su huta, ba ma fita daga rukuni. In na bar su, Lahadi mu sha kashi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rauni, domin tsinkewar jijiyar gwiwa ta ACL ta fi samun mata fiye da maza. Muna yin ɗumama jiki na FIFA 11+ mai minti 20 kafin atisaye, ranar wasa kuma ɓangaren gudu kawai.

Don Allah, yaya kuke raba mintuna tsakanin yaran a irin wannan gasa? Kuma atisayen makon gasar, rage shi kuke yi ko ƙara shi?