"In ka je gari ka ga kowa da wutsiya": har da mai bin Almasihu?

Mai Tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Jiya a wurin aiki na ƙi sa hannu a wata takarda da aka yi wa aringizon lissafi. Sai abokin aikina ya ce, "In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura." Bakina ya mutu. Na san Romawa 12:2 ta hana mu biye wa zamanin nan. To karin maganar ce ba daidai ba, ko shi ne ya ajiye ta inda ba muhallinta ba?

'Yar Mawaƙa: Ɗan'uwa, watsar da ita, maganar matsorata ce. Da Shadrak, Meshak da Abednego, samarin Yahudawa uku na littafin Daniyel, sun bi ta, ai da sun rusuna wa gunkin zinariyar nan mai tsawon kamu 60 a filin Dura, kowa ya kwana lafiya. Ranar duk gari da wutsiya, su uku ne kaɗai babu.

Dattijo: 'Yata, bi a sannu. Sunayen nan da kika kira, wa ya raɗa musu? Na gidansu Hananiya, Mishayel da Azariya ne. A Babila aka sauya musu, suka amsa. Shekara 3 aka yanka musu na koyon harshe da rubutun Kaldiyawa, suka yi, har suka riƙe muƙami a mulkin Nebukadnezzar. In wannan ba ɗaura wutsiya ba ne, mene ne? Da aka zo kan abincin sarki da sujada ga gunki ne suka ja daga. Magabata ladabin baƙunta suke koyarwa da maganar nan: kada ka shiga garin mutane kana ɗaga hanci. Ba su ce in ka tarar ana sata ka nemi buhu ba.

Ɗalibin Tauhidi: Baba ya gama magana. Ku lura ma da lafazin: "ɗaura" aka ce, ba "tsiro" ba. Abin da aka ɗaura ana iya kwancewa. Manzo Bulus ya yi wa Timoti kaciya saboda Yahudawan yankin (Ayyukan Manzanni 16:3), amma bai yarda a tilasta wa Titus ba (Galatiyawa 2:3-5). Aiki ɗaya, hukunci biyu, domin na farkon buɗe wa bishara ƙofa ne, na biyun kuwa da ya zama musun ta.

'Yar Mawaƙa: Na ji, amma ban sauka duka ba. Wa ya taɓa ɗaurawa ya tuna da kwancewa? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Bitrus da kansa, a Antakiya, ya daina cin abinci da Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, da ya ga mutanen Yaƙub ɗan'uwan Yesu sun iso, har ya ja Barnaba. Shi ma lallaɓa jama'a yake yi, sai da Bulus ya tsawata masa a gaban kowa.

Ɗalibin Tauhidi: Wannan kam kin kama ni. Tunda kuma takarda ce ta kawo mu nan: a shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga alloli, a ba shi takardar shaida. Wasu masu bi ba su yi hadayar ba, sai suka sayi takardar a bayan fage, suna cewa ai zuciyarsu na wurin Ubangiji. Ikkilisiya ba ta karɓi wannan uzurin ba, ta lasafta su cikin waɗanda suka fāɗi.

Dattijo: To ɗana, ka ji amsarka. Sai dai in tambaye ka: ban da ranar ƙin sa hannu, yaya zamanka da abokan aikinka?

Mai Tambaya: Baba, ka taɓo inda ke ciwo. Gaskiya ko hira ba na zama yi da su, suna ce mini mai tsarki. Da mahaifin wannan abokin aikin nawa ya rasu ma ban je gaisuwa ba. Takardar dai Litinin zan mayar masa ba sa hannu, amma kafin nan gobe zan bi ta gidansu.